Na Rufe Gero Ne

Ina jin shekarata goma sha biyu a lokacin, ko da yake ba zan rantse ba. Saura kwana uku in tafi makarantar kwana, Inna na zaune a tabarma a gidanmu na Kademi tana haɗa min abin rufa. Ta yayyanka zannuwanta dogo-dogo, faɗin tafin hannu, tana jerawa tana ɗinkewa da allura. Akwai wani shuɗi mai zanen ganye a tsakiya, wanda take zuwa biki da shi, kuma bai tsufa ba.

Sai ga Bilkisu, 'yar ajinmu da babanta ke aiki a sakatariyar Gaya. Ita an saya mata sabon bargo a leda. Ta ɗaga gefen ɗinkin da yatsa biyu tana dariya.

"Ke, waɗannan tsummokaran fa? Kar dai da su za ki tafi?"

Na ce, "Haba dai! Na rufe buhunan gero ne."

Inna ba ta ɗago kai ba. Ta tsinke zaren da haƙori, ta ce, "Eh, na gero ne, 'yar nan. Ya su Hajiya?"

Wataƙila da ta tsawatar min, da tuni na manta. Amma ta ƙarasa ɗinkin kafin la'asar, ta kai shi ɗakin hatsi ta shimfiɗa a kan buhunan. Kunya ta hana ni cewa ta ba ni. Kullum ina cewa sai na dawo hutu zan roƙe ta gafara, har ta rasu ban buɗe baki ba.