Jan Fenti a Turke

Allurar na'urar ta sake gocewa daga sifili, Muttaka kuwa ya sake zaro ɗan sukudirebansa.

Shi ya haɗa wa ƙauyensu, can gefen Guri, na'urar gargaɗin ambaliya: ma'auni a ƙasan kogi, waya zuwa akwati mai allura a zauren mai gari, sai jiniya. Idan ruwa ya hau, allura ta hau, jiniya ta yi kuka, kowa ya ruga ya yanke shinkafarsa kafin kogi ya yanke masa. Mutane suka yarda da shi har suka daina leƙa kogi, abin kuwa ya yi masa daɗi.

Sai dai ɗan baƙin abin lantarkin nan mai ƙafa takwas da ke cikin akwatin yana da hali. Da ya ji zafi sai ya shara ƙarya. Masu ƙera shi sun san halin kayansu, shi ya sa suka ware ƙafafu biyu don saiti: ka murɗa ɗan noti, allura ta koma sifili.

Muttaka ba ya murɗawa da ka. Tun farkon damina ya kafa turke a bakin ruwa, cikin ciyawar kachalar nan da ko'ina iri ɗaya ce, ya shafa jan fenti daidai inda ruwa ya tsaya. Kullum da safe sai ya je ya duba. Ruwa na kan fenti, kwale-kwalen Kawu masunci na ɗaure a jiki, allura kuma ta hau. To wa ke ƙarya? Sai ya murɗa.

Tafiyar ma ta daina gajiyar da shi. Ya gaya wa matarsa Zulfa ƙarfinsa ne ke dawowa.

Ran Talata da hantsi ruwa ya shiga gonaki, ya haɗiye shinkafar da ake shirin yanka. Jiniya ba ta ce uffan ba. Allura na kan sifili cif.

Kunya ta hana shi haɗa ido da kowa. Ya nufi turkensa, ya tarar da Kawu yana kwance jirgi.

"Kawu, ga shi ruwa bai wuce fenti ba. Ta ina ya shiga gonaki?"

"Ai ba zai wuce ba, ɗana. Kullum da asuba nake tuge turken in matso da shi tudu saboda jirgina, in buga har jan ya taɓa ruwa, yadda ka bar shi."