Sabon Keken Gidan Burodi

Da ƙafa ya shigo gida, yana jan keken. Ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar murfin tukunyar da aka taka, fitila ta fashe, akwatin burodi ya tsage gida biyu. Ko ledar sirdin ba a gama ɓarewa ba.

Matarsa ta yar da tsintsiya. "Baban yara, lafiya?"

Ya ce wani mai ga-ruwa ne ya fito masa da kura daga lungu ba tare da ya duba hanya ba. Bai ƙara komai ba. Ya dafa bango ya nufi ɗaki, ya yi fatali da buta a bakin ƙofa.

Keken ba nasa ba ne, na gidan burodin da yake yi wa aiki ne. Shekara da shekaru yana kai burodi shago-shago a kan wani tsohon keke mai kuka, wanda tun daga nesa ake jin tahowarsa, yara da awaki su dare su ba shi hanya. Makon nan mai gidan burodin ya karɓe tsohon keken, ya ba shi sabo fil, mai sulɓi, ko tari ba ya yi. Abokan aiki suka yi ta yi masa barka. Shi kuwa roƙo ya yi a bar masa tsohonsa. Aka yi masa dariya, aka ce wanda ya saba da tabarma, katifa ciwon baya take sa shi.

Ita matar ba keken ne ya fara tsorata ta ba. An kwana biyu tana lura da mijin nata. Yana zuba shayi a gefen kofi. Yana wuce maƙwabci ba sannu, sai an kira sunansa ya zabura. Ta san gidajen da irin wannan ta fara, ta kuma san inda suka ƙare: in ba kwalba ba, ƙwaya. Mace mai hankali ba ta jira sai gari ya gaya mata.

Ta kawo ruwan ɗumi tana wanke masa goshin da ya kuje, ta matso ta shinshini bakinsa. Babu komai. Ta laluba aljihunsa. Babu komai. Wannan bai kwantar mata da hankali ba, don mai ɓoyo ya fi mai nema dabara.

Da yamma aka yi sallama a tsakar gidan hayar. Mai gidan burodi ne. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa. A bayansa masu ga-ruwa uku suka shigo, kayansu a jiƙe, ƙafafunsu duk faso. Matan gida suka leƙo ta labule.

Ta shiga ta taso mijin. Ya fito yana riƙe da kafaɗarta, ya ce jiri yake ji.

Mai gidan burodin ya dubi keken, ya juyo ga mijin.

"Magana ɗaya ce. Waɗannan sun ce kura a tsaye take a gefen hanya, kai ka zo ka hau ta da rana tsaka. In haka ne, gyara yana wuyanka, kuma gobe kada ka fito. In kuwa ɗayansu ne ya shiga gabanka, kurarsa tana hannuna har sai ya biya. Su uku ke bin layin nan. Nuna min shi."

Matar ta yi lissafi a ranta. In aikin ya tafi, tukunyarta ta kife, ga yara, ga mai gidan haya da ba ya jin a yi haƙuri. In kuma aka ƙwace kurar bawan Allah a kan ƙarya, wannan alhaki ne, kuma alhaki ba ya ɓatan hanya, har ɗaki yake bin mutum.

Mijin ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar maganar. Na yafe masa."

"Keken ubanka ne da za ka yafe?"

Wata a bayan labule ta yi dariya, ta toshe baki.

"To su yi magana mana," in ji mijin. "Kowa ya buɗe baki ya kare kansa."

"Bakinsu ne ya buge ka? Na ji nasu tun ɗazu. Kai nake jira."

Masu ga-ruwan ba su ce uffan ba. Sun haɗa kai, ba mai tona ɗan'uwansa. Gumi ya keto wa mijin. Yatsunsa suka nutse a kafaɗar matar har ta ji zafi.

Ta yi ƙasa da murya. "Baban yara, ka ji tsoron Allah. In kai ne, ka faɗa. Yunwa ba ta kai wuta ba."

Ya sake ta. Ya juya kansa a hankali, dama da hagu, kamar mai neman wani a kasuwa. Sannan ya tsaya, ya ɗaga hannu, ya miƙe yatsa, muryarsa ta fito da ƙarfin da bai da shi.

"Ga shi can. Dogon nan mai farar riga. Shi ne."

Maigidan ya bi yatsan da kallo, ya dawo ya dubi fuskar mai nunin. Matar ta ɗora hannu biyu a ka.

Masu ga-ruwan duka ukun suna tsaye a hagunsa, kusa da zai iya taɓa su. Rigar maƙwabci ce a igiyar shanya yake nunawa, da idanun da suka daɗe da dushewa bai gaya wa kowa ba.