Nutson Haruna a Gulbin Kalgo

Kwana ashirin ke nan Haruna yana tsoma kai a randar uwarsa. Da safe tsoma, da yamma tsoma, har tsohuwar ta fara cigiyar malamin da ke maganin irin wannan ciwo. Shi kuwa sai ya ɗago yana ƙyalƙyala dariya, ruwa na tsiyaya daga gemunsa. Ladi ce ta zautar da shi.

A kasuwar Kalgo ya gan ta, cikin damanar 1955, tana sayar da busasshen kifi, shi kuma ya koro bijimi daga Gwandu. Ta so shi, ya so ta. Saura ubanta, Malam Hamidu, wanda ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai iya nutso ba. Haruna kuwa ɗan makiyaya ne, ruwan da ya sani bai wuce na guga ba.

Hamidu ba ƙaramin mutum ba ne. Tun da ƙuruciya ya zo Kalgo baƙo, bakinsa cike da labarin yadda yake kamo giwan ruwa da hannu a can garinsu. Yanzu jirage uku gare shi, wasu ke fita da su, shi yana gindin tsamiya cikin farar riga yana gyaran taru.

Ranar gwaji tsohon ya kai Haruna bakin gulbi da hantsi, lokacin da masunta duk sun yi nisa. Ya ɓare goro.

“Shiga, yaro. In ka ɗago kahin in cinye ɓarin ga, ka koma wajen shanunka.”

Haruna ya yi bisimilla, ya taka har ruwa ya kai masa ƙirji, ya tsuguna, ya rungume turken ɗaure jirgi. Ashe gulbi ma randa ce, faɗi kawai ya fi ta! Daɗi ya kama shi, ya yi zamansa yana zaɓen launin zanen da zai saya wa amarya.

Goro ya ƙare, shiru. Hamidu ya kira, shiru. Ya duba gabas ya duba yamma, babu kowa. Ya yi salati, ya afka ruwan da rigarsa.

Haruna ya ji wani abu ya faɗo masa yana shure-shure, ya ɗauka kada ne. Ya miƙe da ihu, sai ga Malam Hamidu maƙale a wuyansa, yana tari, hularsa ta kama hanya.

Haruna ya saɓo shi har gaɓa, ya zaunar da shi, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

“Baba, na ci?”

Tsohon ya tofar da ruwa, ya kama hannunsa gam.

“Ka ci, ɗana, na ba ka Ladi. Amma don Allah kak ka hwaɗa ma kowa. Ni ma ɗan makiyaya ne, shekara talatin ina garin ga, yau na hwara shiga ruwan da ya wuce gwiwata.”