Taru a Unguwar Kifi

Tun da hukuma ta jera ɗakunan siminti a ƙasan tafkin Yawuri domin kifi ya samu wurin hayayyafa, doka ɗaya ce: duk masuncin da ya tsallake jajayen tulunan ƙarfe masu na'urar gani da ke gadin wurin a saman ruwa, shi da ruwa har abada.

Yau kuwa da hantsi igiyar ruwa ta fizge tarun Barmo ta kai shi can ciki, ga tambarin gidansu a jikin kowane goran da ke ɗaure da tarun.

"Malam, don Allah ka bar shi," in ji matarsa Kulu, tana tsayar da jirginsu da filafili. "Taru ne fa, ba ɗa ba."

"In 'yan sintiri suka tsince shi da tambarinmu, ai mun tashi daga ruwa ke nan. Tulunan nan jirgi suke gani, ba mutum ba. Ki tsaya daga nan."

Ya ciji wuƙa ya yi nutso. A ƙasa ɗakuna ne layi-layi, kifayen giwan ruwa na leƙowa ta tagogi suna kallonsa, ko gezau. Ya yanke igiyar da ta sarƙe, ƙirjinsa kamar zai fashe, ya jawo tarun har gefen jirgi.

Kulu ta cafke hannunsa, tana dariya tana hawaye. "Alhamdu lillahi! Ba wanda ya gan ka."

Sai tulun da ke kusa ya juyo a hankali, ya yi magana cikin ladabi da muryar mace.

"Sannu da aiki, Malam Barmo. Ka manta wuƙarka a ƙasa."