Ƙauyen Kakan Lauya

Lauya ya shimfiɗa tsohuwar taswirar a kan teburin kwamitin filaye, ya danne gefenta da wayoyinsa biyu.

Fadamar bakin kogi yake so. Ƙa'idar kwamitin kuwa ɗaya ce: wanda kakanninsa suka fara zama a wurin, shi ke da ita. Manoman albasar da ke aikinta ba su da ko ƙyallen takarda, sai kantar hannu. Shi kuma ya tono taswira mai shekara sittin, ga ɗigon ƙauye a tsakiyar fadamar, har da alamar rijiya da ta maƙera.

Tun ranar da ya ga ɗigon nan ya fara tuna kakansa. Wai maƙeri ne a ƙauyen, ana jin gudumarsa har tsallaken kogi. Mutumin da bai san ƙofar gidan kawunsa ba, yau har da share ƙwalla.

Wani manomi ya ce shekara talatin yana kaftu a wurin, ko tsingaro bai taɓa tonowa ba.

"Ai fartanya ba ta karatu," in ji Lauya.

Ya rattaba hannu a takardar rantsuwa, yana sane da cewa ƙarya a nan za ta raba shi da rigar aikinsa. Bai damu ba, tunda matattu ba sa zuwa ba da shaida.

Shugaban kwamiti ya sa aka kira tsohon da ke kula da ɗakin ajiyar takardu, ya duba ingancinta. Lauya ya kalli tsinkakken silifas ɗinsa, ya taɓe baki. Tsohon bai ko nemi tabarau ba. Yatsansa ya tafi kai tsaye kan ɗigon, tsohon ya yi murmushi.

"Baba, taswirar ta gaske ce?" in ji shugaba.

"Ta gaske ce, ranka ya daɗe."

Lauya ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ina sabon ɗauka a ofishin safiyo aka zana ta," in ji tsohon. "Masu buga littattafai suna satar mana zane, sai maigidanmu ya ce a dasa ƙauyen ƙarya ɗaya a kowace taswira, don a gane ɓarawo. Wannan da hannuna na ɗiga shi. Wallahi ban taɓa zaton zai yi jika ba."