Marini da Jan Ruwan Teku

Wannan misali a wani gari na bakin teku na ji shi. Sunan garin ya kuɓuce mini, kamar yadda abubuwa ke kuɓuce mini yanzu, amma labarin yana nan.

Wani marini ne daga Arewa ya daɗe da kafa marinarsa kusa da gaɓa. Wata shekara ruwan teku ya wayi gari ja wur, kifaye suna tasowa matattu. Masunta suka ce ai ruwan rininsa ne ke malalowa, kowa kuwa daga bakin wani ya ji. Sarkin masunta ya ba shi zuwa ranar kasuwa ya cike ramukan karofinsa ya bar garin. Marini ya rantse har ya gaji. Da ya ga rantsuwa ba ta fid da shi, sai ya ɗebi ruwan a kwalba, ya kai wa wata malamar jami'a mai binciken halittun teku. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta leƙa, sannan ta ce, "Baba, zo ka gani." Ya kanga ido, sai ga jajayen halittu dubbai, kowace ƙwaya ɗaya ce tak, da 'yan jela biyu, suna juyi kamar mazari. Malama ta bincika littattafanta, ta aika wa takwarorinta hotuna, aka rasa wanda ya taɓa ganin irinsu.

Ranar kasuwa marini da kansa ya ɗauko madubin a ka, malama na biye. Sarkin masunta ya ce a ɗebo ruwa daga can nesa, inda ruwan marina ba ya kaiwa. Aka ɗebo, aka ɗiga a ƙarƙashin madubin. Ya duƙa ya leƙa, ya ɗago, ya sake duƙawa, sannan ya dubi marini ya ce:

"Malam, in dai kai ka rina waɗannan ɗaya bayan ɗaya, to, ka fi ƙarfinmu. Ka yafe mana."

Jama'a suka fashe da dariya, suka hau turereniyar leƙawa. Marini ya koma bakin karofinsa. Da malama ta gama siffanta sabuwar halittar ga masana, sunansa ta raɗa mata. Wanda aka so a kora daga gari guda, sai ga sunansa a bakin malaman ƙasashen da bai taɓa takawa ba.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, gani ya kori ji.