Tocilar da Na Jefa a Shara

Na zazzage durowar tarkacen Mama a tsakar ɗaki, na shiga tsince-tsince. Matattun batura, makullan da ba a san ƙofarsu ba, cajar da ta daina aiki, duk na watsa su kwandon shara. Wata tsohuwar tocila da aka naɗe da salatif ma ta bi su.

Can ƙasa na ci karo da kayan da ƙanwata Auta ta kawo mata: agogo, turare, tabarau, kowanne a kwalinsa, ko ledar ba a ɓare ba. Nawa kuwa babu ko tsinke.

Ni ke kai Mama asibiti, ni ke mata wanki, amma kayan 'yar lele ake lallaɓawa kamar ƙwai.

"Mama, ashe kyautar Auta kaɗai ta isa a adana?"

Ta sunkuya ta tona kwandon, ta zaro tocilar, ta goge ta da bakin zani.

"Wa ya saya min wannan?"

Sai a lokacin na gane ta. Ni ce, da albashina na farko.

"Naki ba sa zaman kwali, aiki nake da su har su mutu," in ji ta. "Na ƙanwarki kuwa, agogon ya yi min yawa, turaren atishawa yake sa ni. Kar dai ki faɗa mata."

Na ce to. Tuni hannuna na kan waya, ina lalubo lambar Auta.